Matar Mai Shimfiɗa Kafet

"Wannan ne masallacin?" na tambayi Yaya, ina leƙe ta gilashin mota.

"Shi ne."

"Haba Yaya, wannan ai gareji ne."

"Da can gareji ne, Auta, yanzu masallaci ne. A ƙasar nan duk inda Musulmi goma suka sami rufi da ƙofa, an gama magana. Sauko, ki gyara mayafinki."

Na sauko, na ƙudundune cikin mayafina. Ba sanyin garin ba ne, ko da yake shi ma ba ya wasa. Abin da ya kawo ni ne ya fi ƙarfina. Dogo nake nema, mutumin da na yi wa alkawarin aure, wanda rabona da jin muryarsa shekara ɗaya da wata tara.

Baba ne ya shiga tsakaninmu. Ranar da Dogo ya je gaishe shi, Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya bar karatu kuma ba shi da sana'a a hannu ba. Na yi kuka, na ƙaurace wa abinci, Mama ta sa baki, har Baba ya sauko ya gindaya sharaɗi. Shekara biyu ya ba Dogo ya je ya nemo abin yi. A cikin shekara biyun nan kuma babu waya, babu wasiƙa, babu saƙo ta bakin kowa.

"In son gaskiya ne, zai jure shiru," in ji Baba.

Dogo ya rantse, ni ma na rantse. Ya tattara ya tsallaka ƙasar da Yayana yake tuƙin tasi, sai dai can wani ɓangare mai nisa, ko Yaya bai san inda ya sauka ba.

Bai cika wata uku da tafiya ba Mai Kemis ya fara zuwa gidanmu. Ɗan aminin Baba ne, kullum da ledar maganin hawan jini a hannunsa da gaisuwa har ƙasa. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa yi mini komai ba, wannan kuwa shi ya fi ba ni haushi. Na gaya masa a fili cewa akwai wanda nake jira. Ya ce ba komai, shi ma ya iya jira.

Ana haka sai wani abokin Baba ɗan kasuwa ya dawo daga tafiya. Ina bayan labule na ji shi yana cewa, "Yaron nan naku ai ya zama mutum. Kafet yake shimfiɗawa a masallatan can, gari zuwa gari, kowa yabonsa yake yi. Ashe ma ya yi aure?"

Tiren shayin da ke hannuna bai kai falo ba.

Na ce ƙarya ne, na maimaita har muryata ta dushe. Baba bai yi mini faɗa ba. Da matar Yaya ta haihu aka ce in je in taya ta hidima, sai ya kira ni ɗaki ya ce, "Ba zan tilasta miki kowa ba. Ki je ki ji da kunnenki, ki dawo ki faɗa mini abin da kika zaɓa."

Shi ya sa ranar Laraba na tsinci kaina a ƙofar gareji, inda aka ce Dogo ya taɓa aiki.

Limamin wajen dattijo ne mai farin gemu, shi ma daga wata ƙasar ya zo. Ba na jin harshensa, Yaya ne yake fassara mini. Da jin wanda muke nema sai fuskarsa ta washe, ya ja Yaya ciki, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa.

Koren kafet ne shimfiɗe daga bango zuwa bango, amma layukansa ba su bi bango ba, a karkace suke tafiya zuwa kusurwa. Liman ya ce ginin ba don sallah aka yi shi ba, bai fuskanci alƙibla ba. Kafin zuwan Dogo igiya suke ja a ƙasa, kuma kowace Juma'a sai an yi gardama kan inda igiyar ta dosa. Dogo ya zo da kamfas da zare da wuƙa, ya kwana biyu yana awo kafin ya yanka ko taku ɗaya. Tun daga ranar sahu ya miƙe, gardama ta mutu.

Na ji wani alfahari ya cika ni, har na manta abin da ya kawo ni. Dogo ne fa, wanda ko maɓallin rigarsa bai iya ɗinkewa ba.

Sai Yaya ya yi gyaran murya ya yi tambayar da ta kawo mu. Liman ya amsa yana gyaɗa kai. Yaya bai juyo ba.

"Me ya ce?"

"Mu je mota, Auta."

"Yaya, me ya ce?"

"Ya ce Dogo yana da iyali. Da bakinsa ya faɗa masa, a nan inda nake tsaye. Wai shi ya so ya ba shi 'yar ƙanwarsa ma, sai ya tarar an riga shi."

"Ya ga matar?"

"Ya ce ba ya yawo da ita."

Na dafa bango. Na ce a raina tsoho ne, kunne ya yi nauyi, harshe ba ɗaya ba, wataƙila wani dogon yake nufi, dogaye ai sun yi yawa a duniya. Liman ya rubuta mana lambar waya da sunan garin da Dogo ya nufa daga nan. Sau huɗu Yaya ya kira a hanya, wayar a kashe take.

Tafiyar awa biyar ce. Yaya ya yi ta ƙoƙarin sa ni dariya. Ya ce shi dama bai taɓa gane me na gani a jikin mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki ba. Ya ce Mai Kemis aƙalla in na yi tari ba sai an fita neman magani ba. Da ya ga ko murmushi ban yi ba, sai ya kunna karatu ya ƙyale ni.

Masallaci na biyu a saman shagon wanki yake. Ƙasa injuna suna juyi, sama mutane suna sallah, in ka yi sujada kana jin ɗumin injin a goshinka. Musulmin garin gaba ɗaya gida goma sha ɗaya ne, kowa da ƙasar da ya fito, wasu ma ba sa jin harshen juna sai sallama. Mai shagon wata tsohuwa ce mai ƙiba da fara'a, kowa Iya yake ce mata. A gidanta Dogo ya sauka, kwanansa tara.

Ta rungume ni kamar ta san ni. Ta ja ni sama ta nuna mini wajen mata, wani lungu bayan labule. Ta ce shekara shida suna sallah a kan kwali, ba wanda ya tuna da su. Dogo ne ya harhaɗa ragowar yanke-yanken kafet ya shimfiɗa musu, ba wanda ya sa shi.

Muka sauko shago, ta zaunar da mu tsakanin kwandunan kaya. Wannan karon ni na yi tambayar, na ce Yaya ya fassara kalma da kalma, kada ya rage mini komai.

"Matarsa?" Iya ta tafa hannu tana dariya. "Ai mun sha labarinta har mun gaji. In na zuba masa abinci sai ya ce da tana nan da ta ce gishiri ya yi yawa. In aka yi ruwa sai ya tsaya a taga ya ce tana son ruwan sama. Ni dai ban taɓa ganin namiji mai son matarsa haka ba."

"Ya faɗi sunanta?"

"Ina! Kunya gare shi. Mai ɗakina kawai yake cewa. Har rigar sanyi ya roƙe ni na saƙa mata, wai ba ta jure sanyi. Kwana shida na yi ina saƙa."

Yaya ya fassara yana kallon ƙasa. Ni kuwa ina jin kowace kalma tana shiga ƙirjina tana zama. Wata ce take ce masa gishiri ya yi yawa. Wata ce yake tunawa in ana ruwa. Ni ina can ina ƙirga kwanaki a jikin kalanda, ina korar ɗan mutane da ledar maganinsa, ina riƙe da rantsuwa kamar wawiya, shi yana nan yana auna kafaɗar wata.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Iya ta ruɗe, tana shafa bayana tana tambayar Yaya ko wani ne ya rasu.

"Ba ni wayarka, Yaya."

"Auta, ki bari ki huce."

"Ba ni wayarka!"

Na shige bayan injunan na kira Baba. Bugu biyu ya ɗauka.

"Baba, gaskiya ne. Ya yi aure."

Ya ce, "Kin gan shi?"

"Na ji daga bakin liman, na ji daga bakin matar da ya sauka a gidanta. Me ya rage in gani? Baba, ka yafe mini, kai ka fi ni gani tun farko. Ka faɗa wa su Mai Kemis na amince."

"Ki dawo gida tukuna mu zauna."

"A'a Baba. A ɗaura jibi Juma'a, kafin in dawo."

"Ke Auta, aure ba a yin sa cikin fushi."

"Ba fushi nake yi ba," na ce, hawaye yana shiga bakina. "Na san halina ne. In na dawo ba a ɗaura ba, zan sake zama in jira shi, zan ƙirƙiro masa uzuri, zan tsufa a ɗakin Mama ina kare mutumin da ya manta da ni. Ka taimake ni ka rufe ƙofar nan, Baba, ni ba zan iya rufe ta da hannuna ba."

Sau uku ya tambaye ni ko na tabbata, sau uku na ce na tabbata. Ya sa na ba Yaya wayar ya tambaye shi ko abin da na faɗa haka yake. Yaya ya ce haka suka ji. Baba ya ce to, mutanen sun fi shekara suna jiran kalma ɗaya, ba abin da zai hana.

Wannan magana har gobe ina tuna ta. Ba wanda ya tura ni. Da bakina na roƙa.

Ranar Alhamis a kwance na wuni a ɗakin Iya, zazzaɓi ya rufe ni. Ta yi ta kawo mini ruwan zafi tana yi mini addu'a da harshenta. Da yamma Yaya ya leƙo ya ce gobe da sassafe za mu juya gida, ya bar mai jego da jariri kwana uku.

"Iya ta ce yana garin bakin teku," na ce. "Awa uku ne daga nan."

"To sai me? Me za ki je yi?"

"So nake in ga idonsa sau ɗaya. Ba zan yi masa rashin kunya ba. In gan shi, ya gan ni, ya san na sani."

"Auta, gobe ake ɗaura miki aure."

"Shi ya sa sai gobe da safe. Daga nan kuma ba ni da hurumin kallonsa."

Yaya ya yi tsaki, ya ce taurin kaina na Baba ne sak, an dai raba mu ne a gemu. Amma da aka yi asuba shi ya fara tayar da mota.

Mun isa wajen ƙarfe goma na safe. Wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne kusa da tashar jiragen ruwa, ma'aikatan tashar suka haɗu suka karɓe shi. Ƙofar ƙarfen a buɗe take, warin gam ya cika wajen. An shimfiɗe kusan duka, saura kusurwa ɗaya. A kusurwar nan wani mutum yake durƙushe, ya ba mu baya, yana jan wuƙa a jikin dogon ƙarfen awo.

Ko a cikin dubu zan gane wannan wuyan.

Yaya ya yi sallama. Ya amsa ya juyo. Ya rame, ya tara gemu, gwiwoyin wandonsa duk sun goge. Ya ga Yaya ya fara murmushi, sai idonsa ya sauka a kaina. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

Ya miƙe da sauri ya juya mini baya.

"Yaya, don Allah," ya ce, "saura wata uku. Na yi wa Baba rantsuwa. Na riƙe ta wata ashirin da ɗaya, kada a sa in karya ta yanzu."

"Rantsuwa?" Na ji dariya mai ɗaci ta fito mini. "Har kana da bakin maganar rantsuwa? Juyo ka dube ni. Ina matar taka?"

Ya juyo a hankali. "Wace mata?"

"Mai ɗakinka. Wadda ba ta son gishiri. Wadda aka yi kwana shida ana saƙa mata rigar sanyi."

Ya dube ni, ya dubi Yaya. Sai ya fara dariya, irin dariyarsa ta da, har yana dafa ƙirji. Da ya ga ba wanda ya taya shi, dariyar ta tsaya.

"Auta, wa ya taɓa ce mini gishiri ya yi yawa in ba ke ba? Wa yake sa safa biyu in an yi ɗan ruwa? Rigar tana cikin jakata, taki ce. Wace mata nake da ita a duniya?"

"Liman ya ce da bakinka ka faɗa."

"Na faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Ki saurare ni. A garuruwan nan Musulmi kaɗan ne, 'yan mata sun girma babu mazan aure. Duk saurayin da ya zo yana sallah yana da sana'a, kafin ya kwana uku an yi masa tayi. Liman ya zaunar da ni a gaban dattawa ya ce ya ba ni 'yar ƙanwarsa. In ce ba na so, na ci fuskarsa a gaban jama'arsa. In ce akwai wadda nake jira, su ce jira ba aure ba ne. Sai na ji bakina ya ce ina da iyali."

"Sau ɗaya ke nan. Sauran garuruwan fa?"

"Ba ni nake kai kaina ba. In na gama aiki, limamin nan ne yake kiran na gaba ya ce ga mutum nan zuwa, amintacce ne, magidanci ne, a sauke shi a cikin gida. Kafin in isa maganar ta riga ni. In ƙaryata, na ƙaryata limamin da ya tsaya mini. Sai na bar ta." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Kuma wallahi daɗinta nake ji. An hana ni yi miki magana, amma ba a hana ni maganarki ba. Duk gidan da na sauka sai in zauna in yi ta ba su labarinki, in ji kamar an riga an ɗaura."

"Wayarka fa?" Yaya ne ya tambaya, muryarsa ta canza.

"A kashe nake barin ta, sai zan tashi daga gari. In tana kunne, hannuna lambarta yake nema."

Na ji Yaya yana salati a hankali. Na dube shi, na ga yana kallon agogon hannunsa, sai a lokacin na tuna gida sun riga mu da awa uku.

"Kira Baba! Yaya, kira Baba!"

Ya kira. A kashe. Ya sake kira, a kashe, Baba ba ya shiga masallaci da waya a kunne. Ya kira Kawu, ya kira maƙwabcinmu, duk ɗaya. Ya kira Mama, tana ta ringi ba a ɗauka ba.

"Me ya faru?" Dogo yana tambaya. "Baba ba lafiya ne? Auta, me ya faru?"

Na durƙushe a kan sabon kafet ɗin na fizge wayar, ina danna lambar Mama da hannu biyu, ina cewa ya Allah ka sa liman ya tsawaita huɗuba, ya Allah ka sa wani ya makara. Sau bakwai na kira.

Ina shirin na takwas sai ga kiranta ya shigo. Garin sauri na danna lasifika, muryarta ta cika ɗakin, bayanta hayaniyar mata da ƙarar tukwane.

"Kai da kira kamar gobara, muna tsakar hidima! Ina Autar? Ba ni ita. Auta? Auta, kina ji na? Yanzun nan babanki ya aiko, an ɗaura! Allah ya sanya alheri, 'yata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ke da kika ce ba kya so, ga shi da bakinki kika... Auta? Kuka kike yi? Yi abinki, kowace amarya da haka take farawa."

Yaya ya karɓi wayar ya kashe.

Daga waje ana jin ƙugin wani jirgi yana barin tasha.

"Dogo," na ce, "na ɗauka... sun ce mini... wallahi na jira ka, ban taɓa..." Na miƙa hannu wajensa, ban ma san me nake so in kama ba.

Ya dubi hannun. Na ga ƙafarsa ta motsa za ta taho, sai ya tsayar da ita. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ɗaya, har bayansa ya taɓa bango. Ya sauke idonsa ƙasa, bai sake ɗaga shi a kaina ba.

"Ka dube ni mana," na ce ina kuka. "Don Allah ka ce wani abu. Ka zage ni ma."

Da ya buɗe baki, ba da ni ya yi magana ba.

"Yaya, ka fita da ita," ya ce a hankali. "Matar wani ce."